Yadda za ka nazarci ƙaddara da hali a ƙagaggun labaran Holan

Daga wajejen 1885 zuwa farkon ƙarni na 20, marubutan Holan sun fitar da jerin ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo waɗanda kusan duk tambaya ɗaya suke juyawa: mutumin da rayuwarsa ta lalace, shi ya jawo wa kansa, ko tun kafin a haife shi an riga an gama da shi? Wannan tafarki na rubutu shi ake kira naturalizim. A Holanci naturalisme ake rubuta shi, kuma da wannan kalmar za ka yi bincike. Littattafan ba sa ƙarewa da daɗi. Budurwa na mutuwa da kwalbar magani a gefenta, miji na kashe matarsa, jirgin kamun kifi na nitsewa da 'ya'yan talakawa. Amma ɗalibin adabi da ke son ya ga yadda ake gina tauraro daga tushe, da wuya ya sami makarantar da ta fi su.

Taurarin waɗannan littattafai na yawan cewa ƙaddara ce ta afka musu. Kada ka karɓi wannan magana daga bakinsu ka rubuta ta a matsayin jigo ka tashi. Bi sawu ka ga da me marubucin ya gina ƙaddarar, wa ya fara ambatonta, wa take yi wa amfani, kuma a wane shafi ne ƙofa take a buɗe tauraron ya ƙi fita. Duk matakan da ke biye hanyar yin wannan ce.

Mataki na ɗaya: raba ƙaddararsu da wadda ka sani

Bahaushe Musulmi in ya ji ƙaddara, hukuncin Allah ne ke zuwa masa a rai. Yarda da ita ginshiƙi ne na imani, tana tafe da haƙuri da tawakkali, kuma ba ta ɗauke wa mutum nauyin aikinsa. In ka shiga waɗannan littattafai da wannan fahimta, za ka karanta su a karkace. Ƙaddarar 'yan naturalizim ba ta da mai hukuntawa, ba ta da hikima a bayanta, ba a roƙonta sassauci. Sarƙa ce ta dalilai, wannan ya haifi wancan, tun daga jinin kakanni.

Tushen abin daga Faransa yake. Masanin tarihi Hippolyte Taine ya ce abubuwa uku ke ƙera mutum da ayyukansa: asalinsa, muhallinsa, da zamaninsa. Littafin Darwin a kan asalin nau'o'in halittu ya fito a 1859, ya sa masu ilimi na lokacin suka koma kallon ɗan Adam a matsayin halitta mai bin dokokin gado kamar sauran halittu. Likitoci kuma suna ta rubutu a kan lalacewar zuriya, wai shaye-shaye da fasiƙancin uba kan fito wa ɗa a matsayin raunin jijiya ko taɓin hankali. Émile Zola ya tattara wannan duka ya shigo da shi adabi. A 1880 ya wallafa maƙalarsa a kan ƙagaggen labari na gwaji, yana koyi da hanyar likita Claude Bernard: marubuci ya ɗauki mutum mai wata irin halitta, ya jefa shi cikin wani muhalli, ya zauna ya rubuta abin da zai faru. Tun kafin nan, a gabatarwar bugu na biyu na Thérèse Raquin, ya faɗa ƙarara cewa yanayin jini da jijiya yake nazari, ba halin kirki ko na banza ba.

Mu ma muna cewa hali zanen dutse. Bambancin shi ne, mu kan faɗe ta bayan mun gaji da yi wa mutum nasiha, su kuwa sun ɗauke ta a matsayin kimiyya, suna neman su nuna maka hannun da ya yi zanen.

Akwai kuma wani abu na Holan kanta da ya kamata ka riƙe. Ƙasa ce da ɗariƙar Kalvin ta Kiristanci ta yi ƙarfi a cikinta, kuma babban taron coci na garin Dordrecht a 1618 zuwa 1619 ya tabbatar da aƙidar cewa tun fil'azal an zaɓi masu tsira. A ganina shi ya sa wannan tafarki ya sami ƙasa mai taushi a can. Marubutan, waɗanda da yawansu sun yi nisa da coci, sun cire Ubangiji daga cikin lissafin, amma nauyin jin cewa an riga an yanke hukunci bai bar su ba.

Mataki na biyu: san gidan da littattafan suka fito

A 1885 wasu matasa a Amstadam, cikinsu har da Willem Kloos da Albert Verwey da Frederik van Eeden, suka kafa mujallar De Nieuwe Gids. Su ake kira Tachtigers, wato 'yan shekarun tamanin. Faɗansu da adabin da suka tarar ne, na wa'azi da tarbiyya, inda nagari ke samun lada mugu ya sha kashi. Lodewijk van Deyssel, wanda ya fi kowa kare Zola a cikinsu, ya fitar da Een liefde a 1887, littafin da ya tayar da ƙura saboda yadda ya taɓo sha'anin jiki ba kunya.

Abin lura shi ne inda Holan ta saɓa da Faransa. Zola ya shiga ramin kwal da kasuwa da mashaya. Mafi yawan na Holan falo suka shiga, gidan masu hali, labule a sauke, inda mutum ɗaya mai raunin jijiya ke cin kansa a hankali. Masanin adabi Ton Anbeek, a littafinsa na 1982 a kan ƙagaggen labarin naturalizim a Holan, ya jero alamomin da ake gane su da su. Daga ciki akwai tauraro mai saurin jin abu a rai, labari mai tafiya daga buri zuwa yankewar ƙauna, gado da muhalli a matsayin dalili, ƙyamar zaman masu kuɗin birni, da shiga batutuwan da a da ba a taɓawa. Riƙe jerin a matsayin abin gwaji. Littafin da ya fi daɗin nazari shi ne wanda ya ƙi shiga jerin gaba ɗaya.

Mataki na uku: samo littattafan

Nan babu wahala sosai, domin yawancinsu sun tsufa har sun zama na kowa. Ɗakin karatu na intanet mai suna DBNL yana da su da Holanci kyauta, tare da tsofaffin sharhi da tarihin adabi. Project Gutenberg na da fassarar Ingilishi ta littattafan Louis Couperus da dama, mafi yawa aikin Alexander Teixeira de Mattos. Littafinsa Eline Vere ya sami sabuwar fassarar Ingilishi daga Ina Rilke a 2010. Littafin Marcellus Emants mai suna Een nagelaten bekentenis kuwa J.M. Coetzee ne ya fassara shi, marubucin nan na Afirka ta Kudu da ya ci kyautar Nobel a 2003.

In kana koyon Holanci, ka sani an sauya ƙa'idar rubutunsu a ƙarni na 20. Za ka ga menschen inda yau ake rubuta mensen, da zoo inda ake rubuta zo. Ƙamus na zamani ba zai ba ka tsohuwar sigar ba, sai ka rage haruffan da kanka. In kuma da fassara kake aiki, faɗi haka a nazarinka, kuma kada ka gina hujja a kan zaɓin kalma ɗaya sai ka duba asalin.

Mataki na huɗu: fara da gajere

Shawarata ka fara da Noodlot na Couperus, wanda ya fara fitowa a 1890. Sunan kansa ƙaddara yake nufi, gajere ne, kuma ƙashin labarin a fili yake. Frank, ɗan Holan mai abin hannu da ke zaune a Landan, ya tsinci tsohon abokinsa Bertie a wulaƙance, ya kai shi gida ya ci da shi ya tufatar da shi. Da Frank ya haɗu da wata Baturiyar Ingila mai suna Eve a ƙasar Nowe har suka yi baiko, Bertie ya ga gatansa zai ƙare. Sai ya shuka zargi a zuciyar Eve, ya sa aka riƙa tare wasiƙun Frank. Da asiri ya tonu, Frank ya kashe shi da duka, ya yi zaman kurkuku, daga ƙarshe shi da Eve suka sha guba tare.

Karanta shi sau ɗaya a guje. A karo na biyu ka sa alama duk inda aka ambaci ƙaddara, ka rubuta sunan mai maganar. Za ka tarar Bertie, mutumin da ya ba bara cin hanci don a ɓoye wasiƙu, yana cikin masu riƙe da ita da ƙarfi, yana ganin kansa abin tausayi da wani iko ke turawa. Eve kuma da tunanin wasan Ibsen, marubucin wasan kwaikwayo na ƙasar Nowe, a kan gadon zunubin iyaye take kallon rayuwarta. Daga nan za ka fara ganin cewa imani da ƙaddara shi kansa ɗaya ne daga cikin ƙarfin da ke tura labarin.

Bayan shi sai Emants, sai Eline Vere, sai wasan Heijermans, sannan sauran.

Mataki na biyar: raba shafi gida huɗu

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma nan za ka fi daɗewa. Sami littafin rubutu, ka ware wa kowane babban tauraro shafuka. Ja layi ka raba shafin gida huɗu. Gida na farko, abin da aka ce ya gada. Na biyu, muhallinsa: gida, kuɗi, aiki ko rashinsa, waɗanda yake zama da su. Na uku, abin da yake faɗa game da kansa. Na huɗu, abin da ya aikata da hannunsa. Kowane abu ka rubuta, sa lambar babi a gefensa.

Bari mu gwada da Eline Vere, wanda aka fara bugawa kashi-kashi a jaridar Het Vaderland a 1888, ya fito littafi a 1889. Labarin a birnin Heg yake, garin da aka haifi Couperus a 1863.

A gidan gado, marubucin bai ɓoye komai ba. Mahaifin Eline mai zane ne da bai taɓa kai aikinsa ga gaci ba, mutum mai buri da raunin himma. Eline shi ta ɗauko. Yayarta Betsy kuwa uwarsu ta biyo, mace mai ƙarfin jiki da iya riƙe gida. Uwa ɗaya uba ɗaya, halitta biyu. Wannan shi ne gwajin Zola a fili.

A gidan muhalli, rubuta cewa Eline marainiya ce da ke zaune a gidan Betsy da mijinta Henk. Ba ta da aikin yi, ba ta da buƙatar yi. Kwanakinta ziyara ne, da liyafa, da waƙa a gaban fiyano, da zuwa kallon opera. Duk abin da al'ummarta ta tanadar wa mace irinta shi ne aure. Lura da yadda littafin ya buɗe: ana biki a gidan wasu abokan arziki, matasa sun yi shiga suna tsayawa cak kamar hotuna don a kalle su, Eline kuwa ba ta zo ba, tana gida. Tun shafin farko an nuna maka duniyar da kowa ke tsayuwar hoto, da yarinyar da ta kasa shiga cikinta ta kuma kasa barinta.

A gidan magana, babban abin da za ka kama shi ne ɗan baffanta Vincent. Shi ne mai yawo ba sana'a, mai cin bashi, mai cewa ba wanda ke da zaɓi, kowane abu sakamakon abin da ya gabace shi ne. Eline na ganin kamannin mahaifinta a jikinsa, ta ɗauki maganarsa ta mayar tata. Sa alama a babin da ta fara magana da harshensa.

Gida na huɗu shi ne mai tayar da hankali. Ta kamu da son wani mawaƙin opera mai suna Fabrice daga nesa, tana tara hotunansa a ɓoye. Ranar da ta gan shi yana waƙa ba kayan wasa a jikinsa, mutum mai ƙiba kamar kowa, son ya mutu nan take. Ta yi baiko da Otto van Erlevoort, mutum natsattse mai sonta da gaske, ta sami kwanciyar hankali a gidan gonar danginsa. Daga baya natsuwar tasa ta fara ƙona mata rai, ta zauna ta rubuta wasiƙar rabuwa, ta ba da a kai. Ta yi faɗa da Betsy ta fice cikin dare ana ruwa da iska, ta kwanta ciwo. Wani Ba'amurke, St. Clare, ya nemi aurenta daga baya, ta ƙi, tana ganin ta riga ta lalace. Ta ƙare da ɗigon mofin da take sha don barci, kuma marubucin ya bar ka cikin shakka ko niyyar mutuwa ta yi ko barci kawai take nema.

Yanzu ɗora gida na huɗu a kan na farko. Wasiƙar Otto, jini ne ya rubuta ta, ko zaman banza, ko maganar Vincent, ko Eline? Kada ka yi saurin zaɓa. Koma babin ka karanta a hankali ka ga minti nawa marubucin ya ba ta tsakanin rubutawa da aikawa, da abin da ta ji bayan wasiƙar ta fita daga hannunta. Irin wannan wuri shi ne zuciyar nazarinka.

Sannan nemi wanda za ka auna ta da shi. A littafin akwai Paul, ƙanin Henk, shi ma ɗan hutu ne mai taɓa zane ya bari, mai ɓarnar kuɗi. Amma shi labarinsa ya ƙare da samun Frédérique da kama hanyar rayuwa. Me ya raba su? Jininsa ne ya fi nata, ko don shi namiji ne duniya ta bar masa ƙofofi da yawa? Duk littafin naturalizim mai kyau yana da irin wannan tauraro na gefe, kuma ɗalibai na yawan tsallake shi.

Mataki na shida: tambayi wa ke magana

Een nagelaten bekentenis na Emants, wanda ya fito a 1894, iƙirari ne da mutum ya bari a rubuce. Jimlar farko Willem Termeer ke gaya maka matarsa ta mutu har an binne ta. Ba a jima ba ka gane shi ya kashe ta. Sauran littafin bayani ne na yadda aka kai ga haka, daga bakinsa shi kaɗai.

Termeer ya san ilimin zamaninsa sarai. Yana gaya maka mahaifinsa fasiƙi ne da ya ƙare da taɓin hankali, mahaifiyarsa ba ta da ɗumin zuciya, shi kuma ya fito matsoraci, maƙaryaci, marar iya son kowa. Yana zagin kansa fiye da yadda maƙiyinsa zai zage shi, kuma wannan ne tarkon. Mai karatu kan yarda da wanda ya tona wa kansa asiri. Amma duba abin da tonon ke saya masa: in duk gado ne, to ba shi da laifi a kan matarsa Anna.

Ga yadda za ka yi da shi. Ɗauki wurare uku da Anna ta yi magana ko ta yi wani abu, ka kwafe abin da ta faɗa da abin da ta yi kawai, ka zubar da fassarar da Termeer ya ɗora a kai. Karanta abin da ya rage. Sau da yawa za ka ga wata mace daban da wadda ya zana maka, mace da aka aura ba so, ta rasa ɗiyarta, ta riƙe abin da take gani wajibinta ne domin ba ta da wani abin riƙewa. Emants mutum ne mai baƙin ganin duniya, kuma ba na jin ya rubuta littafin don ya ce Termeer ƙarya yake yi game da gado. Abin da ya sa littafin ke da nauyi shi ne, bayanin na iya zama gaskiya kuma ya zama uzuri a lokaci guda. Nazarin da ya riƙe biyun ya fi wanda ya zaɓi ɗaya.

A littattafan da ba tauraro ke ba da labari ba, matsalar ta fi ɓoyuwa. Couperus na da salon da muryarsa ke narkewa cikin tunanin tauraro ba tare da alamar zance ba. Sai ka ga jimla tana cewa ba makawa abin ya faru, ka ɗauka hukuncin marubuci ne, alhali tunanin Eline ne da tsakar dare. Alamomin da za su taimake ka su ne alamar motsin rai, tambayar da ba a jiran amsarta, ɗigo uku, da kalmomin da tauraron ya saba amfani da su. In ka gan su, rubuta jimlar a gida na uku, kada ka jingina ta ga marubuci.

Mataki na bakwai: bi sawun kuɗi

Herman Heijermans ɗan gurguzu ne, kuma wasansa Op hoop van zegen, wanda aka fara nunawa a Amstadam ranar 24 ga Disamba 1900, ya juya tambayar gaba ɗaya. Kniertje matar masunta ce da teku ta riga ta cinye mata miji da 'ya'ya biyu. Saura biyu, Geert da Barend. Mai jirgi, Bos, ya san jirginsa ruɓaɓɓe ne, amma yana da inshora. Barend ya ji labarin ruɓewar daga bakin mai gyaran jirage, ya ƙi shiga, aka sa 'yan sanda suka ja shi. Uwarsa da kanta ta matsa masa, don kada a ce ɗanta rago ne, don kuma an riga an karɓi kuɗin somin-taɓi. Jirgin ya nitse. A ƙarshen wasan Kniertje ta fita daga ofishin Bos riƙe da kwanon ragowar abinci da matarsa ta aiko mata.

Mutanen ƙauyen na cewa haka teku take, haka Allah ya so. Heijermans na nuna maka takardar inshora. A nan ƙaddara suna ne da talaka ke ba abin da wani ya yanke a ofis. Holan ta yi dokar duba lafiyar jiragen ruwa a 1909, kuma ana yawan ambaton wasan in ana maganar dokar, sai dai kada ka rubuta cewa wasan kaɗai ya kawo ta.

Da ka gama wannan, koma kan littattafan falo da tambayar kuɗi. Wa ke ciyar da Bertie? Daga ina Termeer ke samun abin da ya sa bai taɓa buƙatar riƙe aiki ba? In kana son ganin naturalizim na ƙauye da talauci tsirara, tsallaka Beljiyam wajen masu rubutu da Holanci, ka nemi Cyriel Buysse da littafinsa na 1893, Het recht van de sterkste.

Mataki na takwas: karanta waɗanda suka yi gardama

Van Eeden likitan ƙwaƙwalwa ne, ya san asibiti fiye da sauran. Littafinsa na 1900, Van de koele meren des doods, ya bi Hedwig ta duk matakan da ka saba gani: rasa uwa tun tana ƙarama, auren da bai yi ba, gudu da wani makaɗin fiyano, mutuwar jaririyarta, taɓin hankali, mofin da karuwanci a Paris. A hannun wani marubucin nan za ta mutu. Van Eeden ya haɗa ta da wata ma'aikaciyar jinya 'yar coci, Paula, ya tashe ta, ya mayar da ita Holan tana hidima ga iyalin manoma. Cika mata gida huɗun nan, ka nemi abin da ya shigo wanda babu shi a shafin Eline.

A shekarar dai Couperus ya fitar da De stille kracht, wanda ya faru a tsibirin Jawa ƙarƙashin mulkin mallakar Holan. Couperus ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a can. Mai karatu daga Arewa zai gane tsarin da sauri, domin babban tauraron, Van Oudijck, Razdan ne da ke mulki ta hannun gidan sarautar gargajiya, a ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne. Mutum ne mai aiki da hankali da doka, ba ya yarda da abin da ba a gani. Ya taɓa martabar gidan sarauta, sai abubuwan da ba su da bayani suka fara faruwa a gidansa, iyalinsa suka watse, ya ajiye aiki. A nan gado da muhalli ba su isa su bayyana faɗuwarsa ba. Tambayi kanka ko ƙarfin ɓoyen nan sihiri ne, ko ƙin jinin mulkin baƙo ne da Bature ya kasa karantawa. Ka kuma sa ido a kan yadda littafin ke kallon mutanen Jawa da masu ruwa biyu, domin tunanin jinsi na zamanin yana cikinsa, kuma nazari na gaskiya ba zai rufe ido a kai ba.

In kana da sauran ƙarfi, ƙara da Karakter na Ferdinand Bordewijk, na 1938. Ba naturalizim ba ne, salonsa busasshe ne na wani zamani, amma ma'auni ne mai kyau. A Rotadam, Katadreuffe, ɗan da aka haifa ba aure, yana fafutukar zama lauya, mahaifinsa Dreverhaven, ma'aikacin kotu mai kwashe kayan masu bashi, yana tare masa hanya a kowane mataki. Taurin kan da ya gada daga uwa da uba shi ya kai shi ga nasara, shi ne kuma ya hana shi soyayya. Gado na nan, sai dai a wannan karon ƙarfi ya haifar.

Mataki na tara: rubuta nazarinka

Kada ka ba da taƙaitaccen labari ka kira shi nazari. Sakin layi ɗaya ya isa a san wa da wa. Kada kuma ka buɗe da tarihin Zola shafi uku, kawo shi inda hujjarka ke buƙatarsa.

Zaɓi wuri ɗaya da tauraro ya yi abin da ba ya komawa: wasiƙar Eline, daren da Termeer ya tsaya a kan maganin barcin Anna, ranar da Kniertje ta tura Barend. Gina tambayarka a kansa, kuma ta zama tambayar da mutum mai hankali zai iya saɓa maka a kai. Cewa littafin na nuna ƙaddara ba tambaya ba ce. Cewa Eline ta fara rushewa ne daga lokacin da ta karɓi bayanin Vincent, ba daga haihuwa ba, wannan magana ce da za a iya kare ta a kuma iya kai mata hari. Kawo hujja daga gidajen nan huɗu da lambar babi, sannan ka kawo wurin da ya fi ƙarfi wajen rushe ra'ayinka, ka amsa shi.

Ka kiyayi yi wa taurari gwajin asibiti da sunayen cututtukan yau. Likitocin wancan zamani raunin jijiya suke cewa, kuma da wannan fahimta aka gina mutanen. In za ka kawo ilimin yau, bayyana cewa naka ne. Haka nan in za ka kwatanta da fahimtar Musulunci a kan ƙaddara da zaɓin bawa, ware masa sashe nasa, ka fara bayyana abin da littafin ke cewa da harshensa kafin ka auna shi. Nazarin kwatance irin wannan fili ne mai faɗi ga ɗalibin Hausa, musamman in ya ɗora littafi ɗaya na Holan kusa da ƙagaggen labarin Hausa da ya sani ciki da waje, ya cika wa taurarin biyu shafi iri ɗaya, ya ga a wane gida kowannensu ya fi nauyi.